Motar Shata Da Ziyarar Birnin Shehu

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, barkanmu da war haka, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu na mata. Ina gaishe da na cikin ɗaki da na tsakar gida, da mai tankaɗe da mai dama fura, da wadda ta jingine rediyo a jikin turmi don kada kalma ɗaya ta wuce ta. Allah ya bar mu tare.

Zancenmu na yau ya taso ne daga wata takarda da ta zo mana daga Tsibiri ta ƙasar Maradun. Wata baiwar Allah ce ta sa ɗanta ya rubuta mata, ta kuma roƙa kada a ambaci sunanta, to ba za mu ambata ba. Ga abin da ta ce, zan karanta muku shi yadda ya fito daga bakinta:

"Hajiya, ina gaisuwa. Shekarata goma sha tara cikin ɗaki, ban taɓa zuwa Sakkwato ba. Wani yaro ya zo ma maigidanmu da magana, ya ce shina da babbar mota mai sanyi, mai baƙin gilashi, wadda ba mai ganin na ciki. Ya ce shina ɗaukar matan kulle tun daga ƙofar gida, shi kai su Hubbare da gidan Sarkin Musulmi da sauran wurare, da mai yi musu bayani, shi maido su kafin magariba. Maigida ya ce ya yarda, amma ba shi da kuɗin. Abin da anka yanka ma kowace mace ya kai kuɗin tunkiyata, ita ɗai gare ni, ga ta da ciki. Abokiyar zamana ta ce mu sai da abin da muke da shi mu tai, wai ba a san gawar fari ba. Ni kau zuciyata ta rabu biyu. Mi kinka gani?"

To, 'yar'uwa, na ji ki. Tambayarki ba taki ba ce ke kaɗai, don na san akwai mata da yawa a Mafara da Bakura da Maradun da wannan buri ke cikin ransu. Zan ba ki amsa, amma ki yi haƙuri mu biyo ta hanya mai ɗan tsawo.

Da farko dai, wannan sana'a ba yaron nan ne ya ƙago ta ba. A manyan biranen duniya irin su Alƙahira da Landan akwai kamfanonin da aikinsu ke nan: a ɗauki baƙo, shi kaɗai ko da iyalinsa, a mota ta alfarma, a haɗa shi da wanda ya san gari, a zagaya da shi gidajen sarauta da wuraren tarihi, ya biya gwargwadon awannin da ya ci. Wadda Allah ya kai ta Madina ta ga irinsa. Ga babbar bas ta jama'a mai kai alhazai Masallacin Ƙuba da Dutsen Uhudu, ga kuma motocin masu hali da ake ɗauka shata, mutum ya tsaya inda ya so, ya daɗe yadda ya so. Abin da yaron ya yi shi ne ya kawo wannan tsari ƙofar gidanmu, ya kuma lura da abin da mace mai kulle ta fi damuwa da shi.

Gaskiya ɗaya ce, motar tana da amfaninta. Ba zaman tasha, ba cakuɗuwa da maza a kujera ɗaya, ba jiran mota ta cika. In lokacin salla ya yi a tsaya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta miƙe ƙafa. Wanda ya san zafin Sakkwato a watan bazara ba zai raina mota mai sanyi ba. Duk wannan na yarda da shi.

Amma ku lura, abu biyu ake sayar muku a cinikin nan: mota da baki. Motar ido na ganinta tun a ƙofar gida. Bakin mai bayani kuwa ba a sanin ingancinsa sai an je. Shi ne kuma ainihin ziyarar.

Bari in ba ku labarin kaina. Sau biyu na je Sakkwato ziyarar da ba zan manta ba. Ta farko ina yarinya, tare da kakata da wani kawuna, lokacin ma ba a yi Jihar Zamfara ba, don sai a 1996 aka cire mu daga Jihar Sakkwato. Wata tsohuwar bas muka shiga a Mafara, ga buhunan hatsi, ga kaji a ƙarƙashin kujera. Kakata ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma tun daga Lambar Bakura ta fara ba ni labari. Muka wuce Tureta tana yi, muka wuce Dange da Shuni tana yi. Kafin mu shiga gari na san wane ne Shehu, na san Bello, na san Abdullahi, na san Nana Asma'u. Da muka cire takalma a ƙofar Hubbare, ji na yi kamar gidan dangi na shigo.

Ta biyu kuwa da girmana, mu huɗu da ƙawayena da ɗan ɗaya daga cikinmu. Muka haɗa kuɗi muka ɗauki jif mai sanyi, aka haɗa mu da wani saurayi mai baƙin tabarau wai shi ne mai bayani. Masallacin Shehu ta gilashi ya nuna mana shi, ya ce rana ta yi zafi ba sai mun sauka ba. A Hubbare ko rabin awa ba mu yi ba ya fara duba agogo. Ya ce mana wai Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello duk a nan suke kwance. Na ce, "Samari, ina Nana Asma'u?" Ya ce, "Af, ai wata ce daga cikin matan Shehu." Jama'a, 'yar cikinsa! Sauran yinin a kasuwa da gidan abinci ya ƙare. Muka dawo gida jikinmu a huce, kanmu wayam. Da ba don abin da kakata ta zuba mini ba, da ƙarya zan kawo wa 'ya'yana tsaraba.

Don haka kafin mu yi zancen kuɗi, bari mu yi ziyarar da baki, yadda wadda za ta je za ta san abin da za ta nema, wadda ba ta samu zuwa ba kuma ta sami rabonta.

Sakkwato ita ce babban birnin daular da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka kafa. An haifi Shehu a 1754. Ya daɗe a Degel yana karantarwa, har zama ya gagara tsakaninsa da sarakunan Gobir, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. A shekarar ce aka gwabza a Tabkin Kwatto, a 1808 kuma Alƙalawa, birnin Gobir, ya faɗi. Ɗansa Muhammadu Bello shi ya gina Sakkwato ya kewaye ta da ganuwa a 1809. Shi Shehu a Sifawa ya zauna, sai a 1815 ya komo Sakkwato, ya rasu a 1817. Kun ga ke nan shekara biyu kacal ya yi a garin da ake kira da sunansa.

Gidan da ya zauna, aka kuma rufe shi a ciki, shi ne Hubbare. Nan ne zuciyar ziyarar. A nan ne kuma aka rufe 'yarsa Nana Asma'u, kusa da mahaifinta. Akwai sarakunan Musulmi na baya-bayan nan a wurin, kamar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988, da ɗansa Muhammadu Macciɗo, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 2006. Amma Muhammadu Bello ba ya nan. A Wurno yake, garin da ya gina a matsayin ribaɗi, arewa maso gabas da Sakkwato, inda ya rasu a 1837. Malam Abdullahi kuma a Gwandu yake. Ku riƙe wannan da kyau, zai yi muku amfani nan gaba.

Ba nisa daga Hubbare akwai Masallacin Shehu. Akwai Masallacin Bello a kusa da fadar Sarkin Musulmi, inda Mai Alfarma Muhammadu Sa'ad Abubakar ke zaune tun 2006. Akwai unguwar Waziri, inda Nana Asma'u ta yi zaman aure da mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Shi wannan Giɗaɗo shi ya sauki Baturen Birtaniya mai suna Kilafaton da ya zo wurin Bello a 1824. Akwai gidan adana tarihi mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu, babban malamin nan da ya rasu a 1997, inda ake ajiye tsofaffin littattafan rubutun hannu da kayan yaƙi da na sarauta. Wannan gida da yawa ba a kai mata cikinsa, alhali a nan ne ido ke ganin irin takardun da aka tafiyar da mulki da su. Ganuwa ta tafi, amma sunayen ƙofofi suna nan a bakin mutane: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku da sauransu. Sai Giginya, inda aka kara da sojojin Turawa ranar 15 ga Maris 1903, ranar da birnin ya faɗa hannunsu. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'arsa, aka cim masa a Burmi a watan Yuli na shekarar, a can ya kwanta dama.

Kun ji wuraren. Kowane ɗaya in an wuce shi a mota, gini ne kawai da bango. Labarin ne ke mai da shi wurin ziyara.

Yanzu ga abin da na fi son ku ji, ku matan ƙasar nan. Mu ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Tun kafin jihadi, Shehu ya yi wajen shekara biyar a ƙasar Zamfara yana wa'azi, ya zauna a Faru, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen mutanen Maradun. A wannan zama ne wani malamin Barno mai suna Mustafa Goni ya same shi a wani gari da ake kira Daura, ta nan Zamfara ba waccan ta Katsina ba, ya soki yadda yake barin mata suna zuwa sauraren wa'azinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne, a bar mata cikin jahilci ya fi muni a kan su fito da suturarsu, a keɓe, su ji abin da ya wajaba su sani. A ƙasarmu aka yi wannan muhawara, a kan kakannin kakanninmu. Bayan haka kuma, a 1805, lokacin da yaƙi ya tsananta, jama'ar Shehu sun sauka a Sabon Gari a nan Zamfara na 'yan watanni kafin su wuce Gwandu. Lokaci ne na yunwa da wahala, har neman abinci ya jawo saɓani tsakaninsu da mutanen ƙasa. Nana Asma'u tana cikin wannan tafiya, tana 'yar shekara goma sha biyu ko kusa da haka.

An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Fillanci da Hausa da Larabci. Da ta girma ta duba, ta ga mata cike da ƙauyuka, masu aure, masu goyo, ba su da halin barin gidajensu su zo Sakkwato karatu. Wato dai irin matsalar da ke cikin takardar nan ta Tsibiri. Me ta yi? Ba ta ce kowace mace ta sayar da abin hannunta ta zo ba. Sai ta zaɓi dattijai mata, masu hankali da riƙon amana, ta naɗa kowace shugaba a yankinta, ana kiranta jaji. Alamar naɗin ita ce malfa, a ɗaura mata jan ƙyalle. Jaji ita ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su taka da ƙafa har Sakkwato, ɗauke da sadakar da matan gida suka bayar: hatsi, zuma, man shanu, zane. Su zauna gaban Nana su koyi tsarki da salla da tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zaman lafiya da mutane, galibi cikin waƙa don ya zauna a ka. In sun koma, su bi gida gida su juye wa waɗanda suka zauna. Su ne ake kira 'Yan Taru. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, bai kuma yanke ba har ya iso zamaninmu.

Ku duba wannan tsari da kyau. Ba mota, ba sanyi, ba gilashi. Amma macen da ba ta taɓa taka ƙofar gidanta ba, ilimin Sakkwato yana iske ta har gindin murhu. Mu kuwa muna iya shiga motar miliyoyi mu je mu dawo, a tambaye mu me muka gani, mu ce, "Wallahi gari ya yi kyau."

To, wadda duk da haka Allah ya hore mata, ta kuma yi niyyar zuwa, ga abubuwa biyar da nake so ta riƙe.

Na farko, izinin maigida da rakiyar muharrami. Baƙin gilashi ba muharrami ba ne. Direba da mai bayani maza ne baƙi, kuma gilashin da ya hana na waje ganinki, ya hana shi ganin abin da zai same ki a ciki. Kada ki shiga motar da ba mijinki, ko ɗanki babba, ko ɗan'uwanki a ciki. A kuma san direban, a san gidansu, a san wanda zai tsaya masa. Lambar motar da lambar wayarsa su zauna a hannun wani a gida.

Na biyu, hanya. Ba sai na tsaya ba ku labarin halin da ƙasar nan ta shiga ba, ku kuka fi kowa sani. Abin da ya faru da 'yan makarantar Jangebe a 2021 har yau bai bar zukatanmu ba. Mota mai ƙyalli tana jan idon da tsohuwar bas ba ta ja. Wannan ma abin a auna ne. A tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a ranar, ba a makon jiya ba. A fita bayan rana ta fito, a shigo gida tun da sauranta. In rana ta yi nisa, gara a kwana a Sakkwato wurin dangi. Wanda ya ce zai haɗa muku da Degel ko Gudu ko Alƙalawa a yini ɗaya, ku ce masa kun gode. Wuraren suna da nisa, kuma ba kowace hanya ake bi don marmari ba. In an ce yau ba lafiya, a fasa. Hubbare ya haura shekara 200 a wurin, ba inda za shi.

Na uku, ciniki a fili. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya tashi, wannan ba laifin direba ba ne. Amma a yanke magana tun a gida, gaban shaidu: kuɗin ya haɗa da mai? Ya haɗa da mai bayani? Wurare nawa za a je, a kuma sauka, ba a leƙa ta taga ba? Awa nawa za a yi a Hubbare? In mota ta lalace, wa zai ɗauki nauyin dawowa? In an fasa saboda hanya, nawa za a maido? A ba da kafin alƙalami kaɗan, ciko sai an dawo. Kada a biya duka a gaba, ko da ɗan unguwa ne. Rashin yanke magana ya raba zumunci da yawa.

Na huɗu, a gwada mai bayanin. Ba rashin kunya ba ne, wadda za ta sayi tukunya ai sai ta ƙwanƙwasa. Ki sa maigida ko ɗanki ya yi masa tambaya uku a zaure. A ina aka rufe Muhammadu Bello? Mene ne tsakanin Nana Asma'u da Shehu? Su wane ne 'Yan Taru? In ya amsa, madalla. In ya fara kame-kame, to direba ne kawai, a biya shi kuɗin direba. In kun isa kuma, ku nemi dattijan da ke kula da wurin, ku gaishe su cikin ladabi ku yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyar, ladabin wuri. Malamai sun yi saɓani a kan zuwan mata ziyarar kabari, akwai masu hanawa, akwai masu halattawa da sharuɗɗa. Kowace ta tambayi malamin da ita da mijinta suka amince da shi, kada kuma ta zagi wadda ta bi ɗaya maganar. Wadda ta je, ta je da sutura da natsuwa, ta cire takalmi inda ake cirewa, ta yi sallama, ta yi wa mamata addu'a, ta tuna ita ma tana tafe. Ba kururuwa, ba turereniya, ba ɗaga waya a fuskar mutane. Roƙo kuwa Allah ake roƙo. In wani ya tare ki da ƙullin ƙasa ko wani abu wai na sayarwa ne don biyan buƙata, ki riƙe kuɗinki. In kina da abin sadaka, ga mabuƙata nan a ƙofa.

Yanzu bari in dawo gare ki, 'yar'uwata ta Tsibiri. Kin ce mi na gani. Abin da na gani shi ne kada ki sayar da tunkiyar nan.

Ba don burinki ba shi da kyau ba. Shekara goma sha tara a ɗaki, mace ta yi marmarin ganin Birnin Shehu, wannan ba abin kunya ba ne, kuma gani ya kori ji. Amma tunkiya mai ciki ba kuɗin mota ba ce. Ita ce asibitinki in yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ce jarinki in sana'a ta karye, ita ce kayan ɗakin 'yarki. Ziyara ba farilla ba ce. Hajji ma da yake farilla, sai ga mai iko aka wajabta shi. Abokiyar zamanki ta ce ba a san gawar fari ba. Gaskiya ta faɗa. Amma ba a san ciwon fari ba ma, kuma ranar da ya zo, mai jif ba zai maido miki tunkiya ba.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki bar ta ta haihu. In Allah ya ba ki ɗan rago, ki yi kiwonsa, ki sa masa niyyar Sakkwato, uwar tana nan a turke. Kafin nan ku haɗa kai da matan gidanku da na maƙwabta, ku yi adashi na musamman. Mata goma da mazansu biyu ko uku in suka ɗauki bas ta tasha shata, ita ma har ƙofar gida za ta zo, ba kuma baƙon da zai shiga cikinku. Abin da za ki rasa sanyi ne kawai. Ku nemi malamar Islamiyyarku ko wata dattijuwa da ta san tarihin, ku biya mata kujera. Ita ce mai bayaninku, kuma kina iya yi mata tambayar da ba za ki iya yi wa saurayi mai tabarau ba.

In kuwa hanya ta ƙi, ko kuɗin bai taru ba, ku yi irin ta Nana. Ku zaɓi jajinku. A kowace unguwa akwai tsohuwar da ke zuwa Sakkwato ganin jika ko ganin likita. Ku haɗa mata ɗan guzuri, ku ba ta tambayoyinku, ku ce ta je da idonku da kunnenku. In ta dawo a shimfiɗa tabarma bayan la'asar, a tara yara, ta juye muku. Na san zuwa da kai ya fi saƙo. Amma saƙon da ya zo da ilimi ya fi zuwan da aka dawo hannu wofi.

Ina da magana biyu ga maza, don na san kuna ji ta bayan danga. Kai maigida, ka kyauta da ka ba da izini. Amma "na yarda, ba ni da kuɗi" ba ta sauke maka nauyi ba. Shehun da iyalinka ke son ziyarta, a littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausar magana a kan mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. In ba ka da kuɗin mota, kana da ƙafar zuwa wurin malam ka jiyo ka kawo gida. Kai kuma mai mota, sana'arka halal ce, Allah ya sa albarka. Amma ka zauna gaban masana ka koyi tarihin wuraren da kake kai mutane, ka nemi mace mai ilimi ta riƙa yi wa mata bayani, ka kuma yanka kuɗin da ba sai mace ta kwance dabbarta ta ƙarshe ba. In ka yi haka, mu da kanmu za mu yi maka talla.

Kafin in yi sallama, ga ɗan aiki na ba ku. Yau da dare, in an gama cin tuwo, kowace ta tambayi 'ya'yanta: wace ce Nana Asma'u, kuma a ina aka rufe Muhammadu Bello? In ba su sani ba, ke yanzu kin sani, sai ki gaya musu. Wadda kuma kakarta ko surukarta ta taɓa bin jaji zuwa Sakkwato, don Allah ta zauna da ita ta ji yadda suke tafiyar, da inda suke ya da zango, da abin da suke ɗauka, ta sa a rubuto mana. Za mu karanta a wannan fili don kowa ya amfana, tun waɗannan tsofaffi suna tare da mu.

'Yar'uwa ta Tsibiri, Allah ya sauki tunkiyarki lafiya, ya ba ki tagwaye. Ranar da kika je kika dawo, ki aiko mana da labari. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya buɗe mana hanyoyinmu, ya ji ƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.